Kujerar Babban Baƙo

Aikina a ma'aikata shi ne zaunar da mutane. In za a yi taro, ni ce na san wanda zai zauna a tsakiya da wanda zai zauna a damansa, ni nake manna takarda a bayan kowace kujera, ni kuma nake tsayawa a bakin ƙofa da waya a hannu ina hana a fara sai oga ya iso. Na daɗe a wannan aiki, kuma ba yabon kai ba, na iya shi. Na taɓa tsare zaure guda cike da manyan mutane har awa biyu, suna ta shan ruwan roba saboda mutum ɗaya yana hanya, babu wanda ya ce mini uffan. Na fara da wannan ne don a san irin matar da ta ɗauko wa kanta shirya wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe a unguwarmu ta Dutse Alhaji, a gefen babban birnin tarayya.

Famfon unguwarmu ne ya jawo. Wata shekara ya lalace, 'yan ga-ruwa suka yi wuyar gani, muka koma bin layi a burtsatsen wani bawan Allah da ke ƙasan dutse. Abin da na gani a layin nan ya fi duk abin da nake kallo a talabijin. Matar ma'aikacin banki da mai wankau, kowacce da jarkarta, a yi faɗa a shirya kafin bokiti ya cika. Wata ta ajiye dutse a layi ta tafi ɗora girki, ta dawo ta rantse da Allah dutsen nan ita ce. Na yi wasan kwaikwayo lokacin ina jami'a, na daɗe da binne shi a ƙarƙashin fayil-fayil, sai ga shi ya taso mini a bakin famfo. Na rubuta labarin cikin 'yan kwanaki, ina rubutu ina dariya ni kaɗai. Amma na san magana kawai ba za ta ɗauke shi ba, faɗan mata a layin ruwa waƙa yake so. Ni kuwa ko a kicin na ja baiti, sai yarana su leƙo su tambaya ko lafiya.

Wadda ta fara amsa mini ita ce tsohuwar maƙwabciyata, mai koyar da waƙa a zumuntar matan cocinsu, wadda duk layinmu ke kira Mama Kwaya, don kwaya suke ce wa ƙungiyar mawaƙan coci. A lokacin ta riga ta koma Nyanya. Na kira ta ina ta kewaye-kewaye, ina tunanin nisa da gosulon hanya, ta katse ni da Hausarta da ba ta bambanta ka da ki.

"Hajiya, ka faɗi rana kawai. Zan kawo mata na."

Ta kuwa kawo su, su takwas, da tulunsu na kiɗa da kacau-kacau. Mun tsayar da Asabar bayan la'asar, don Juma'a ta wasunmu ce, Lahadi ta wasunmu. Daga Nyanya zuwa Dutse sai an sauka an sake mota, wata rana su iso da gumi har cikin takalmi, amma wata uku cur ba su yi fashi ko sau ɗaya ba. Duk sanda na hango su sun ɓullo kwanar makarantar da muke gwaji a ciki, tulu a kafaɗar ƙaramarsu, sai in ji kamar in taka rawa a titi.

Na biyu shi ne Baba mai kalangu. Nama yake sayarwa a kasuwa, amma gidansu gidan kiɗa ne, kalangun da yake ratayawa ma na ubansa ne. Satin farko shi da Mama Kwaya suka kusa cinye juna. Ita tana ɗaga hannu tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, shi kuma yana cewa kalangu ba ya ƙirga, magana yake yi. Ita ta ce yana shigowa inda ba a gayyace shi ba, shi ya ce waƙarta ba ta da ƙofa. Na yi ta shiga tsakani har muryata ta dushe. A Asabar ta uku, ban san yadda aka yi ba, tulu ya bar wani ɗan gurbi, kalangu ya faɗa ciki daidai, matan suka ɗora murya a kai. Tsigar jikina ta tashi. Mama Kwaya ta juyo ta nuna shi da yatsa tana dariya, shi kuma ya ɗauke kai kamar bai gani ba, amma hularsa ta riga ta karkace don daɗi.

Daga nan mutane suka yi ta zuwa da kansu. Shugabar wata makarantar firamare ta ba mu filinta. Mai waldan bakin titi, ɗan Binuwai, ya zo kallo rana ɗaya ya ce ba zai yiwu a yi wasa a ƙasa ba, ya haɗa mana dandamali da ƙarafan da suka rage masa da katakon gini. Telan layinmu ya tara ƙyallayen da ke zube a shagonsa ya ɗinka wa 'yan wasa kaya masu launi kamar kasuwar atamfa. 'Yan wasan kuwa matan unguwa ne da samari uku, waɗanda suka sha layin nan da ƙafarsu.

Sai Iya. Iya mai masa ce, tandarta tana jikin katangar makarantar ta waje, ɗakinta kuma 'yan taku kaɗan daga nan. Babu wanda ya gayyace ta. Asabar ɗinmu ta farko a filin, muna cikin gwaji sai ga faranti an miƙo ta saman katanga, masa ce da zafinta an barbaɗa ƙuli. Na zaci wani ne ya yi oda. Aka ce Iya ce ta ce masu waƙa ba sa yi da yunwa. Haka ta yi ta yi duk sati, har muka saba, muka daina mamaki, ni ma na daina leƙawa in ce an gode. Daga baya na ji tarihinta a bakin tela. Tun garin nan yana jar ƙasa da motocin yashi ta zo daga wajen Zariya, ta yi shekaru tana dafa wa leburori abinci, har da waɗanda suka gina benen da nake aiki a ciki. Ba ta taɓa taka cikinsa ba.

Matsalarmu ita ce ƙarshen wasa. A labarin, an gyara famfo, mata sun shirya, sun fito da turame suna daka don walima. Waƙar da na rubuta wa wannan wuri ba ta da rai, kowa ya sani, kunya ce ta hana a faɗa mini. Wata Asabar muna ta jan ta kamar tsohuwar mota, sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Wannan ba waƙar daka ba ce, 'yan nan. Wannan karatun jarida ne."

Iya ce, hannunta duk ƙullu. Raina ya ɗan sosu, na ce to Iya ki nuna mana. Ta goge hannu a zani, ta karɓi taɓarya, ta gwada nauyinta, ta sauke ta a turmi sau uku. Sannan ta buɗe baki da wata siririyar murya da ban taɓa zaton tana da ita ba:

Turmi ya ji, taɓarya ta ji,
wadda ta daka ba ta ci ba.
Ku rage mata loma, 'yan uwa,
ku rage mata ko ta gefen kwano.

Ta ce kakarta ce ke yin ta, ita ma rabonta da ita tun tana amarya. Mama Kwaya ba ta jira ba, ta raba matanta biyu, wasu suka ɗauki sama wasu ƙasa. Baba ya sassauta hannu ya bi bugun taɓarya. Kafin magariba mun sami ƙarshen wasanmu, kuma kowa ya san duk wasan babu abin da ya kai shi. Muka yi ta roƙon Iya ta hau dandamali ranar wasa ta ja waƙar da kanta, ta ƙi. Ta ce ita da tsufanta ba za ta hau katako ana kallonta ba, daga bayan katanga ma tana ji sarai.

To a nan ne ciwona na ofis ya tashi. Rana tana matsowa, na daina zama mai labari na koma jami'ar tarbar baƙi. Na buga katin gayyata mai ruwan zinare. Na kai wa Daraktanmu nasa har ofis, ya karɓa yana sa hannu a wani fayil, bai ɗago ba ya ce in sha Allahu zai zo. Na fito ina murna kamar an ƙara mini girma. Na aro kujerun kushin goma sha biyu, na lulluɓe su da farin yadi, na manna wa kowacce takarda. Na rubuta jawabin godiya shafi biyu, daga Darakta zuwa mataimakansa zuwa masu unguwa, kowa da muƙaminsa a jere. Mama Kwaya da Baba da mai walda da tela duk na dunƙule su a layin ƙarshe, na ce da sauran waɗanda suka taimaka. Iya kuwa ko kati ban ba ta ba. Ba ƙi na yi ba, tunanin ne bai zo mini ba sam, kuma wannan ya fi muni.

Ranar Juma'a da yamma, jajibirin wasa, na tara su na raba aiki yadda nake yi a ma'aikata. Na ce wa Baba, da babban baƙo ya sako ƙafa a ƙofa ya buga masa. Na ware mata biyu daga cikin mawaƙa na ce duk wanda suka ji an buga wa kalangu, su tarbo shi su kai shi kujerar tsakiya. Na ce wa Mama Kwaya, yana zama ta ɗauki waƙar buɗewa, kada ta jira ni. Na koma gida ina jin daɗin kaina, na ɗaure komai ya zama kamar inji. Ban tuna cewa duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin fuskar Darakta ba.

Abu ɗaya ne ba ni da iko a kansa, wato rana. Ba mu da fitilu, filin makaranta ne kawai da sararin Allah. Wasan awa ɗaya da rabi ne, kuma da an kira magariba rabin 'yan wasa da 'yan kallo za su miƙe, matan Nyanya kuma su kama hanya. In ba mu fara da huɗu da rabi ba, dole wani abu ya fita daga wasan, kuma abin da ke ƙarshe shi ne waƙar Iya.

Ranar Asabar tun kafin ƙarfe huɗu fili ya cika. Ban taɓa zaton Dutse tana da mutane haka ba. Bencin 'yan makaranta ya ƙare, aka shimfiɗa tabarmi, yara suka hau katanga, masu shaguna suka rufe suka zo. Gabana yana ta bugawa don murna. Mai walda da tela da shugabar makaranta suna can baya a tsaye cikin rana, saboda sun tsaya gyare-gyare har wuri ya ƙare. A gaba kuma ga kujeruna goma sha biyu, farare tas, babu ko mutum ɗaya a kai.

Huɗu da minti ashirin Mama Kwaya ta same ni a bayan dandamali, jikin katanga. Baba yana zaune a gefe yana ɗaure igiyoyin kalangunsa.

"Hajiya, lokaci yana tafiya fa. Mu fara."

"Darakta yana hanya, Mama."

"Wannan oga naka, in bai zo ba fa?"

"Zai zo. In lokaci ya ƙure sai mu tsaya a inda aka gyara famfo, mu bar waƙar daka."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. "Waƙar Iya za ka yanke?"

"In ta kama, sai a yanke. Mama, ba a fara taro babu babban baƙo. Wannan aikina ne, ki bar ni da shi."

"A ofis ne aikinka. Nan ba ofis ba ne."

Na ji zafin maganar, kuma da yake ina da saurin hawa, na ce mata ni na kawo wasan nan, ni zan ce a fara. Ta juya ta tafi. Baba bai ɗago kai ba, ya ci gaba da jan igiyarsa.

Na zagaya bayan azuzuwa inda babu hayaniya na kira direban Darakta. Ya ce sun kusa. Ina jin muryar mai sharhin ƙwallo a bayansa, kuma na san motar Darakta ba ta da talabijin. Duk da haka na tsaya ina lallashinsa, ina kwatanta masa kwanar da za su shigo. Huɗu da rabi ta wuce. Ina cikin kwatance sai kalangu ya tashi.

Ba irin bugun gwaji ba ne. Bugu ne mai nauyi, mai taƙama, irin wanda ake yi wa mutumin da ya isa. Na ce alhamdu lillahi, na katse wayar, na gyara mayafi na kwasa da gudu, takalmi mai tsini yana nutsewa a yashi. Na ɓullo na tarar fili duka a tsaye, mata suna guɗa. Na ɗaga wuya ina neman babbar riga da hula. Abin da na gani shi ne matan nan biyu sun riƙo Iya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna ratsa mutane da ita. Ta sha wani zanin saƙi na ƙasan akwati da farin mayafi, tana ta tirjewa tana cewa su sake ta ita baya za ta tsaya. Ba su saurare ta ba, umarnina suke bi. Suka kai ta kujerar tsakiya suka zaunar. Tana zama Mama Kwaya ta ɗaga hannu, tulu ya amsa, muryoyi takwas suka tashi lokaci guda. Injin da na ɗaura ya yi aiki daidai, ko ƙusa ɗaya bai kuskure ba.

Na tsaya a tsakiyar fili da waya a hannu, bakina a buɗe. Babu yadda za a tsayar da waƙar da mutane suka riga suka fara tafa wa. Na lallaɓa ta gefen dandamali na durƙusa kusa da Baba, raina a ɓace.

"Baba, me ka yi mini haka? Darakta na ce."

Bai daina bugu ba, ya ɗan karkato da kai. "Na ji ki, Hajiya. Amma mu a gidanmu wanda ya ciyar da mu muke yi wa kiɗa, haka ubana ya koya mini. Wata uku ina cin masar matar nan. Shi ogan naki ko ruwansa ban taɓa sha ba."

Ya mayar da kai ga kiɗansa. Ni kuwa kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na dubi Iya, ta zauna a bakin kujera ta ƙi jingina, ta haɗa hannuwa a cinya, kujeru goma sha ɗaya babu kowa sun sa ta a tsakiya. Na dubi can baya, na hango mai walda yana ɗage a kan yatsun ƙafa don ya ga dandamalin da ya ƙera da hannunsa. Ban san sanda na miƙe ba. Na bi layin gaba ina ɓalle takardun da na manna ina cusawa a jaka, sannan na ratsa har baya na kamo hannun shugabar makaranta, na yafito tela. Mai walda ya noƙe.

"Madam, kaya na akwai datti fa. Farin yadi ne."

Na ce ai wanke shi ake yi, na ja hannun rigarsa har gaba. Na ciko sauran kujerun da mijin Mama Kwaya, da matar da ta ara mana turame, da mai burtsatsen da ya shayar da mu, da duk wanda idona ya faɗa a kai na tuna ya ɗauki wani abu ya kawo. Da layin ya cika sai na ga Iya ta saki jiki ta jingina.

Wasan kuwa, ban san yadda zan faɗe shi ba tare da na miƙe tsaye ba. Da aka zo wurin dutsen da aka ajiye a layi, fili ya kece da dariya, wata mata daga kan tabarma ta ɗaga hannu ta ce wallahi ita ce wannan, a daina tona mata asiri. Saurayin da ya fito a ɗan ga-ruwa ya yi tuntuɓe da jarka, ruwa na gaske ya malale a dandamali, ya miƙe ya ci gaba da waƙarsa yana matse wando, mutane suka zaci cikin wasan ne. Kalangu yana tsokanar tulu, tulu yana ramawa. Na manta da waya, na manta da Darakta, na sami kaina ina tafi ina bin amshi da wannan muryar tawa da yarana ke gudu.

Amma ido ɗaya yana kan rana, kuma ta fara sauka bayan dutse. Mun makara da minti goma, na san ba za su dawo ba. Akwai wani wuri kusa da ƙarshe inda shugaban unguwa yake yin dogon jawabi a kan haɗin kai, na ɓata kwana biyu ina gyara shi, duk wasan shi na fi alfahari da shi. Mai fitowa a shugaban ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya ce jama'a. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Mama Kwaya ta ɗaga hannu, matanta suka danne shi da waƙa, aka turo turame uku tsakiyar dandamali. Ta waigo ta harare ni ta gefen ido, na ɗaga mata hannu biyu na sallama. Har yau babu wanda ya taɓa tambayata ina jawabin shugaba ya shiga.

Taɓare suka fara sauka. Wadda aka ba jan waƙar ta ɗauko baitin farko, tana yi da kyau, amma ni Iya nake kallo. Leɓenta yana motsi. Ƙafarta tana bin bugun. A baiti na biyu ta miƙe, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta nufi matakala. Mai walda ya yi tsalle ya ba ta hannu. Ta hau katakon da ta rantse ba za ta hau ba, ta karɓi taɓarya, ta ja waƙar kakarta da wannan siririyar murya. Fili ya yi tsit, sannan da aka zo amshi kowa ya ɗauka, na tabarma da na katanga, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, ku rage mata loma, 'yan uwa. Makonni ina jin waƙar nan duk Asabar, sai a ranar na ji abin da take faɗa, kuma da ni take. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Taɓarya ta sauka bugun ƙarshe, aka ɓarke da tafi da guɗa, kafin su lafa lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya fara kira.

Jawabin godiyata bai fito daga jaka ba, kuma gara da bai fito ba. Ranar Litinin Darakta ya tsayar da ni a matakala ya tambaye ni wasan nan namu Asabar mai zuwa ne ko. Na ce an yi, ranka ya daɗe, kuma ya yi kyau. Ban ji haushinsa ba, bai taɓa cewa a tsayar da rana dominsa ba, ni ce na tsayar. Godiyar da ban yi a fili ba ita nake yi yanzu. Na gode wa Mama Kwaya da ta faɗa mini gaskiya a jikin katanga ta kuma yanke mini jawabi ba tare da neman izini ba, na gode wa matanta takwas da ƙafafunsu. Na gode wa mai walda, wanda dandamalinsa ya ɗauki turame uku ana daka bai ko girgiza ba, da tela, da shugabar makaranta da ta share filin da kanta washegari. Baba kuwa ban san da bakin da zan gode masa ba. Na sha tambayarsu ko baki suka haɗa shi da Mama Kwaya, kowannensu sai ya ce shi bai san zancen ba.

Bayan an idar da salla a ranar wasan, muna tattara kujeru da sauran hasken da ya rage, Iya ta zo ta tsaya kusa da ni.

"Hajiya, na zauna wa mutum a wuri. In ya ji haushi ki ce masa tsohuwa ce, janyo ta aka yi."

Na ce bai zo ba, Iya. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata takarda a ninke. Ta kujerar tsakiya ce, ita kaɗai ban ɓalle ba saboda tana zaune a kai. Ta ce ta manne mata a mayafi ne, in karanta mata abin da aka rubuta. Na karanta: Babban Baƙo na Musamman.

"Babu sunan kowa?"

"Babu, Iya."

"To ashe ban ci haƙƙin kowa ba." Ta mayar da ita ta ƙulle.

Na ce Iya ki yafe mini, ko kati ban ba ki ba. Ta ce kati na mene ne, ita da take bakin ƙofa. Na ce akwai wanda ya fi wannan, ɗazu na yi niyyar yanke waƙarki.

"Na ji ai," in ji ta. "Ina bayan katangar ina juya masa. Da a can zan zauna in saurara kamar kullum. Da na ji haka sai na sauke tanda na je na sako zanin kirki. Na ce in za a yanke ta, a yanke a gabana."

Na tsaya riƙe da farin yadi a hannu. Ta ɗauki farantinta da ke kan benci, ta kakkaɓe, ta ɗora a ka.

"Asabar mai zuwa akwai gwaji? In sani in jiƙa shinkafa."

Ko layi ɗaya na sabon wasa ban rubuta ba, amma na ce akwai, Iya, ki jiƙa.